Turmin Holan da Akuyar Gida

Wasiƙar wannan makon daga Ɗan Gulbi ta fito, cikin ƙasar Dakoro. Ƙanin mijin mai wasiƙar ne ya rubuta mata, ta kuma roƙi a sakaya sunanta.

"Baba Tela, ina gaisuwa, da fatan damina tana sauka lafiya a wajenku. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, maigidana ya tafi biɗa Agadas tun bayan ƙaramar Sallah. Bayan kaka za a yi auren ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma dangin ango mutanen Maradi ne. Tun da aka kawo ni gidan miji ban taɓa ɗaura Holan ba. Ina so ranar kai amarya in sa abin da ba za a raina gidanmu ba. Akwai kuma wata jaka mai tambarin Louis Vuitton da na gani a wayar ƙawata, mai sayarwa ya ce in aika jika 15 ya sa mini ita a mota. Abin da nake da shi: jika 18 da zan kwasa a adashi, akuya biyu da ɗan bunsuru ɗaya, sai hatsin gamanata idan Allah ya kai mu. Wata dillaliya ta ce za ta ba ni turmi bashi, in biya a hankali. Ƙawaye kuma sun fitar da anko. Me ka ga ya dace in yi?"

Ɗiyata, ina amsawa, Allah ya kai mu lokacin, ya sanya alheri. Ba zan yi miki faɗa ba. Na kwana biyu a kan keken ɗinki, kafin nan kuma na yi yaron shago a wajen masu sayar da atamfa, na san abin da ake nufi da yayar amarya ta shiga cikin dangin ango. Ido a kanki yake, kuma mata da ido suke awo. Kafin ki gama sallama an riga an yi wa zanenki kuɗi. Wanda ya ce miki wannan ba komai ba ne, bai taɓa zama a tsakar gida ranar buɗar kai ba. Son ado ba laifi ba ne. Abin da za mu duba shi ne inda kuɗin zai fito, da abin da zai saura a hannunki idan makaɗa sun tashi, baƙi sun watse.

Mu fara kawar da jakar, don ita ce mai sauƙi. Louis Vuitton kamfani ne na birnin Paris, tun 1854 yake. Ba ya ba 'yan sari kayansa, a kantunansa kaɗai yake sayarwa, da shafinsa na intanet. Ba shi da kanti a Nijar, ba shi da shi a Najeriya. Jakar hannunsa ta mata, ko marar kwalliya ce, takan haura Yuro dubu. Yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da 'yan ɗigo, ƙayyadajjen canji ne da ba ya motsi, wato jakar ta wuce jika 655, sefa dubu 655 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikaci a Nijar tun 2024 jika 42 ne a wata. Ki lissafa: albashin sama da wata goma sha biyar, ba ci ba sha. To wane ne zai ba ki wannan a jika 15? Abin da ke cikin hoton roba ce da aka buga wa haruffa, zafin bazara ɗaya ya isa ya sa ta fara saɓulewa kamar maciji. Wannan ma idan ta iso ke nan. Sau nawa aka aika kuɗi aka jira mota, daga baya aka kira lambar aka ji a kashe? Ki cire ta daga ranki. Zan dawo kan jaka can gaba, akwai wadda ta fi ta kusa da ke.

Atamfa daban take, don ita gaskiyarta tana zuwa har kasuwanninmu. Abin da muke kira Holan, kamfanin Vlisco ne ke buga shi a garin Helmond na ƙasar Holan, kuma tun 1846 yake wannan sana'a. Asali ma kwaikwayon rinin mutanen Jaba na Indonesiya suke yi don su sayar musu, can kasuwa ta ƙi, ta zo ta karɓu a Afirka ta Yamma. Auduga zalla ce, ana ɗiga mata wani irin ƙaro kafin a tsoma ta a baba, shi ya sa launi ke ratsa ta ciki da waje. Tsadarta ba ta rasa dalili: aikin da jinkiri, kuma hanya da nisa. A da ta tashar ruwan Kwatano kayan ke shigowa, su bi ta Gaya su iso Maradi, har alhazan garin su tura wasu Najeriya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, yawancin kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso. Kowane ƙarin kwana a hanya, a kan turminki yake sauka. Kada kuma a ruɗe ki da cewa naira ta faɗi, don haka komai banza ne a Kantin Kwari ta Kano. Gaskiya ne tun 2023 sefa ta ƙara ƙarfi a kan naira, amma ɗan kasuwar Kwari da dala ta Amurka yake shigo da kayan waje, yana kuma sauya farashi da ita. Abin da ake samu sauƙinsa a can shi ne wanda aka yi a cikin Najeriya, da ladan aikin hannu.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. A cikin duk asarar da ake yi wa mace a kan tufafi, babu wadda ta kai ta biya kuɗin na ainihi a ba ta jabu. Wadda ta sayi mai araha da saninta ba ta yi asara ba, ta san abin da ta saya. Ni kaina an taɓa yi mini. Ina saurayi na tara kuɗin wata huɗu, na sayi farar shadda a hannun wani mai yawo da kaya a kafaɗa, ya rantse mini gezna ce, sarauniyar shadda, har da tambarin zinariya a jiki. Wanki ɗaya ta zama kamar matacin koko. Sitaci ne aka ɗura mata, ruwa ya tafi da shi, ya tafi da kuɗina. Tun ran nan na daina yarda da takardar da aka manna.

Ga abin da nake dubawa, ke ma za ki iya, ko ba ki yi boko ba. Ki buɗe turmin, kada ki yarda da wanda ya ce ba a buɗewa. Ki juya bayansa. Atamfar ƙwarai fuskarta da bayanta kusan ɗaya ne, sai an lura ake bambancewa. Idan baya ya yi fari-fari, bugun fuska ɗaya ne, kuɗinsa bai kai rabin rabi ba. Ki duba baki, wato gefen zanen: Vlisco na buga sunansa da lambar zanen a nan, lambar kuma ita ce ke kan takardar da aka manna. Ki tafi da yaro ɗan makaranta ya gwama miki su, idan sun saɓa ki ajiye. Sai dai masu jabu su ma sun iya buga suna, don haka hannu ya fi ido. Ki murza gefen tsakanin yatsunki sosai. Na ƙwarai yana da jiki da laushi tare, idan kika ga gari na tashi ko wurin ya yi sako-sako, sitaci ne ya riƙe shi. Ki ɗaga shi ga rana ki ga saƙar, mai ƙanƙanta ce ko mai kama da rariya. Ki jiƙa bakin farin ƙyalle ki goga a inda launi ya fi duhu. Ɗan alamar baba a karon farko ba abin tsoro ba ne, amma idan ƙyallen ya rine, haka zai rina miki jiki ranar biki da zufa ta keto. Na ƙarshe, idan mai kaya ya yarda, ki zare zare biyu ki kai ga ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi ta dunƙule, da warin leda. Akwai kuma wata 'yar alama da ke ba mutane mamaki: a atamfar ƙwarai za ki ga 'yan jijiyoyi da ɗigo-ɗigo da ba su zo iri ɗaya ba daga wannan fure zuwa wancan. Idan kika ga kowane ɗigo ya maimaitu daidai wa daida, inji ne ya kwaikwayi aibin.

Mafi sauƙin kariya kuma ita ce ki saya a wurin mai rumfa wanda gobe za ki same shi a inda kika bar shi. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Kornaka da Maradi, ko wata 'yar uwa da ke aure a can, sun fi miki kowane mai talla a waya.

To, kuɗin. Abu uku kika lissafa da nake so ki ɗauke hannu daga kansu: hatsi, uwayen awaki, da bashin dillaliya.

Hatsi tukuna. Kin fi ni sanin cewa a kaka tiya ba ta da daraja, kowa na da shi, kowa na kaiwa kasuwa. A lokacin ne kuma bukukuwa ke yawa, masu atamfa su ɗaga kai. Wadda ta sayar da hatsi a kaka ta sayi zane, ta sayar a lokacin da kayanta ya fi arha, ta saya a lokacin da na wani ya fi tsada. Sannan idan bazara ta yi nisa, aka shiga farkon damina rumbu ya yi ƙasa, ita ce za ta koma kasuwa ta sayi hatsin nan da ta sayar, da kuɗin da ya ɗara wanda ta karɓa nesa ba kusa ba. Ta biya turmin nan sau biyu ke nan, na biyun da cikin yaranta. Na ga mata da yawa sun fito da zane sabo fil daga akwati a watan Yuli suna neman mai saye ko da rabin kuɗi. Maigidanki yana nesa, aiken ɗan biɗa kuwa ba shi da rana. Hatsin gamanarki shi ne mijinki na gida har ya dawo.

Akuya kuma, idan jar akuyarmu ce ta Maradi, kin san halinta: ga nono, ga yawan tagwaye. Ita ce ke haifa miki zane, ba sau ɗaya ba. Idan kika kai ta kasuwa don turmi ɗaya, turmi ba zai haifi komai ba. Bunsurun ne na sayarwa, don haka aka haife shi. Daga yau ki ɗaure shi, ki riƙa ba shi dusa da ruwan tsari, idan an fara roron wake ki ƙara masa harawa. 'Yan watanni na turka suna sauya kuɗin dabba ƙwarai.

Bashin dillaliya ba na ce haramun ne ba, ita ma neman halalinta take yi. Amma ki tambaye ta farashi biyu: na hannu da hannu, da na biya a hankali. Ratar da ke tsakani ita ce kuɗin gaggawarki. Sannan ki tuna dillaliya gida-gida take shiga. Ranar da kika yi jinkirin biya, duk macen da ta yaba zanenki a wajen biki za ta ji cewa ba ki gama biyansa ba. Kin sayi sutura don ta rufa asiri, ta koma ita ce mai tona shi.

Abin da ya rage miki ke nan: jika 18 na adashi, kuɗin bunsuru, da abin da za ki iya tsimi daga 'yar sana'arki cikin wata huɗu. Kada ki raina tsimi. Dala ɗari a mako, wato sefa 500, jika 26 ne a shekara. Jika ɗaya a mako, jika 52. Ba baƙon abu ba ne a ƙasarku. A nan jihar Maradi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, mata su taru kowane mako su zuba a asusu, su ranta wa juna, a ƙarshen zagaye su raba. Tsarin nan daga ƙauyukanmu ya fita, yau ana bin sa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Idan kina cikin irin wannan ƙungiya, shawarata ita ce rancen asusu na jari ne, na ƙuli-ƙuli ko man gujiya ko saƙar tabarmar kaba. Kuɗin ado kuwa daga rabon ƙarshe ya kamata ya fito, wanda ba mai bin ki.

Da wannan kuɗi hanyoyi uku ne a gabanki, ba kuma lalle sai sabon Holan ba.

Ta farko ita ce wadda na fi so, kuma mata ba su cika kulawa da ita ba don kunya. Akwai Holan na gaske da ke kwance a akwatunan mutane ba a taɓa sa masa almakashi ba: na lefe da ya yi wa amarya yawa, na gado, na wadda buƙata ta taso mata. A nan dillaliyarki za ta yi miki rana. Maimakon ki karɓi bashinta, ki ce ta nemo miki turmin ajiya, kuɗi a hannu. Tsohon zane ne, ba a yayinsa, don haka farashinsa ya sauka. Amma ki ji wannan daga bakin tela: a Holan tsufan zane ba aibi ba ne. Kamfanin da kansa yana sake buga zanukan da suka shekara hamsin da ɗoriya, don har yanzu ana nemansu. Tsofaffin mata na dangin ango, waɗanda su ne masu yanke hukunci a zahiri, tsohon zanen suka fi ganewa. Ki dai warware shi duka ki duba kan ninki, nan ne gara da ɓera da daɗewa ke yin ɓarna.

Ta biyu, atamfar tsakiya da ke amsa sunanta. Uniwax ta Abijan da GTP ta Gana a Afirka ake buga su, kuɗinsu bai kai na Holan ba. Ko Hitarget ta Sin, wadda ta cika kasuwanni, ba abin rainawa ba ce idan an sayar miki da ita a matsayin Hitarget. An ce araha ba ta ado, amma ni na ga araha ta yi ado a hannun tela mai hankali, na kuma ga tsada ta zama abin dariya a hannun wanda bai iya ba.

Ta uku, ku haɗa kai. Cikakken bandir yadi goma sha biyu ne, turmi biyu ke nan. Idan ku biyu ko ku huɗu kuka haɗa kuɗi aka sayo a Maradi a farashin sari, kun tsallake ribar mutum ɗaya ko biyu, kuɗin mota kuma ya rabu.

Don ki ga yadda nake auna tsada, ga misali, ki cire lambobina ki sa waɗanda kika tarar a kasuwa. A ce kin kashe jika 45 a kan turmi da ɗinkinsa, kika sa shi sau casa'in cikin shekara biyar ko shida: kowace sawa ta tashi a dala ɗari. A ce kuma kin kashe jika 9 a kan wanda ya koɗe bayan sawa goma: kowace sawa dala ɗari da tamanin. Mai arahar ya fi tsada. Amma lissafin yana da sharaɗi, sai idan za a sa kayan. Holan ɗin da aka sa sau ɗaya aka rufe a akwati, sawa ɗayan nan jika 45 ta ci.

Wannan ya kawo mu kan anko, abin da ya fi komai cinye kuɗin adon mata a zamanin nan. Kowane biki da nasa, kowanne sawa ɗaya ko biyu, don da an gan shi an san na auren wance ne. Ki tara kuɗin ankon da kika yi cikin shekara uku, za ki ga Holan ɗin da kike cewa ba ki taɓa ɗaurawa ba kin saye shi tuni, gutsure-gutsure. A wannan bikin kina da dama, domin ke ce yayar amarya, da bakinki a zaɓe. Ki sa a sake fitar da mai sauƙin kuɗi, mai launin da za a ci gaba da sawa zuwa kasuwa da barka. Ki kuma ce yadi uku ya isa ga wadda ba ta da hali. Za ki ga matan da za su sa miki albarka a ɓoye.

Yanzu ɗinki, inda nake da ta cewa. Rabin abin da ido ke kira tsada, aikin almakashi ne. Manyan masu zayyana tufafi na Turai da kike jin sunansu, abin da mawadata ke biya a wajensu tun asali shi ne a auna jikin mutum a yanka masa nasa shi kaɗai. A can sai mai dukiya ke samun haka. Ke kuwa a Ɗan Gulbi duk rigar da kika taɓa sawa haka aka yi ta. Abin da ya rage shi ne ki zaɓi hannun ƙwarai, ki ba shi lokaci. Kada ki kai ɗinki saura mako ɗaya, ko ana jajibirin Sallah. A lokacin ba maigidan shago ke ɗinki ba, yara ne, da fitila, da barci a ido. Ki kai saura wata guda. Kafin ki miƙa turmin, ki ce ya nuna miki rigar da ya gama, ki juya cikinta. Tela a ciki ake gane shi: an kashe bakin ɗinki ko zare na zuba, layi ya miƙe ko yana tafiyar maciji. Ki ce ya haɗa furannin zanen a gaba da baya su dace, kada ya sare kan tsuntsu a kafaɗa.

Sai roƙona guda uku a kan salon. Kada ki bari a yayyanka turmin gaba ɗaya. Zane uku ne a ciki: ɗaya riga, ɗaya ɗaurawa, na ukun a fitar da ɗankwali a bar saura. Zanen da ba a yanka ba yana nan da darajarsa, ana iya ɗinka masa sabuwar riga bayan shekaru, ana iya sayar da shi ranar tsanani. Siket mai matse jiki kuwa, daga ranar da aka yanka shi ya zama naki ke kaɗai, na wannan shekarar kaɗai. Na biyu, ki ce ya bar rara a cikin ɗinki ta gefe biyu, kamar faɗin yatsa biyu. Mace mai haihuwa jikinta ba ya zama wuri ɗaya, da rarar nan za a buɗa a rage. Na uku, ki guji duwatsu da ƙyalƙyali da ake mannawa da gam. Su ne ke fara zuba, su ne kuma ke nuna shekarar da aka yi ɗinkin. Siririn surfani a wuya da bakin hannu, da zare mai kyau, ya ishe ki. Atamfa mai tsada ba ta son a yi mata surutu a kai.

Na ce zan dawo kan jaka. Fatar jar akuyar da ke ɗaure a gidanki tana cikin fatun da aka fi nema a duniya wajen aikin jaka da safar hannu da bangon littafi, saboda laushinta da ƙarfinta. Tun zamanin ayari ake ratsa Sahara da ita, Turawa suna kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Wato mu ke da fatar, mu ke sayar da ita da arha, sannan a buga haruffa a kan roba a dawo mana da ita mu yi rububi. Dukawan Dakoro da Maradi da Damagaram suna nan da ransu. Ki je da kanki ko ki aika, ki faɗi girman da kike so da launin da zai hau da zanenki, a yi miki jaka da takalmi na fata tsantsa. Kuɗin ba zai kai abin da mai waya ya nema ba, kuma idan hannu ya tsinke akwai mai gyara. Idan kina ganin wannan kayan ƙauye ne, ki tuna da Alphadi, ɗan ƙasarmu da duniya ta sani a harkar zayyana tufafi, wanda ya kafa bikin FIMA a 1998 a Tigidit kusa da Agadas, UNESCO kuma ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fannin fasaha a 2016. Da me ya yi suna? Da aikin fata, da azurfar maƙeran Agadas, da saƙa da surfanin gida. Tun da maigidanki yana can, ki aika masa ya riƙo miki 'yan kunne ko sarƙar azurfa, ko ƙarama ce. Ta fi ruwan gwal ɗin da ke baƙi bayan wata biyu, yana bar miki ƙaiƙayi a wuya.

Idan maigidan ma yana son shadda, ga gajeriyar dabara. Getzner ta ƙasar Ostiriya, wadda muke ce wa gezna, ita ce sarauniya, kamfanin yana garin Bludenz tun 1818, kuɗinta kuma ya san da haka. Wanda zai saya sau ɗaya ya sayi fara. Ya sa ta fara shekara biyu, idan ta fara gajiya ya kai marina a mayar da ita shuɗiya ko ruwan ƙasa, a sa mata ƙaro, masu bugu su buga ta. Riga ɗaya ta zama biyu.

Saura kulawa, don yawancin zanen da ake cewa ya koɗe, kashe shi aka yi. Kada ki jiƙa atamfa ta kwana, kada ki sa mata garin sabulu mai ƙarfi ko ruwan da ke da kanwa. Sabulun sanda da ruwan sanyi, a cuɗa a hankali, a juya bayanta a shanya a inuwa. Ranar Dakoro ba ta wasa da launi. Ba kowace sawa ake wanki ba: idan kin dawo daga biki ki cire, ki rataye ya sha iska, ki turara, ki ninke. Wajen guga da dutsen gawayi ki shimfiɗa wani ƙyalle a kai, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda gaban riga. Ki ajiye a akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan duwatsu ko katako saboda gara, ki riƙa fito da shi lokaci-lokaci kina sauya ninkin don kada ya karye a layi ɗaya.

Ga yadda zan tsara watannin nan huɗu da ni ne ke. Wannan makon ki kira dillaliya ki ba ta saƙon turmin ajiya, ki ce ba gaggawa kike yi ba, domin mai gaggawa ba ta ciniki. Ki ɗaure bunsuru. Ki je wajen ƙawayen amarya a sassauta anko tun ba a sayo ba. Ranar da kika kwashi adashi kada kuɗin ya kwana a ɗaka, ki damƙa wa uwar adashi ko surukarki amana, don kuɗin da ke ƙarƙashin katifa kowa ya san hanyarsa. Ki sayar da bunsuru biki saura mako shida. Idan turmin ajiya ya samu kuma ya ci jarrabawar da na faɗa miki, ki saya. Idan bai samu ba har lokacin, ki sayi na tsakiya mai kyau, ki ƙara wa tela da baduku abin da ya rage, Holan kuma ya jira haihuwar awaki ta gaba. Idan an gama ɗinkin, ki sa shi sau ɗaya a ɗaka, ki zauna, ki durƙusa kamar za ki gaida surukai, ki ɗaga hannu kamar za ki ɗauki kwano. Duk inda ya ja ki, ki mayar wa tela tun da sauran kwana.

Ki gaida mutanen gida, ki yi wa amarya barka.